Shekarar da Na Janye Aikina

Ranar sunan ɗan Nana ina zaune a zaure na ji Sani yana ba abokansa labarina. Cewa yake da ba don zalunci ba da yanzu ubansa babban dakta ne a ƙasar waje, wai wani farfesa a Yamai ne ya yi mini baƙin ciki ya hana ni tafiya. Na ƙyale shi, don ba a ƙaryata ɗa a gaban baƙinsa. Amma tun ranar abin yake cina. Rabi, Sani, Nana, ku ukun nake rubuta wa wannan babi. Mutumin da kuke zagi ya riga mu gidan gaskiya, kuma bai yi mini komai ba sai alheri. Abin da ya faru a shekarar nan ni na yi shi da hannuna, kuma ya fi abin da kuka sani nauyi.

A lokacin na kai shekara ashirin ina koyar da fizik a lise, wato makarantar sakandare, a Birnin Konni. Furfura ta fara fito mini, abokan karatuna sun zama manya a buro-buro, ofisoshin gwamnati, ni kuwa kullum alli da allo. Sai na yi rajistar karatun doktora, digiri na uku, a Yamai ba tare da na bar aiki ba. Farfesan da ya karɓe ni dattijo ne mai sanyin magana, shi ya zaɓa mini abin da zan bincika, ya ce aiki ne da mutum zai iya yi daga ɗakinsa in yana da ordinata, wato kwamfuta, da haƙuri.

Bari in gaya muku abin, don ba ku taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa zaunar da ku ba. Wutar da ke bin waya wasu ƙananan abubuwa ne ke ɗauke da ita, ana ce musu elektaron. Kowanne yana da juyi iri biyu da zai iya yi, ku ce na dama da na hagu. A cikin wayar jan ƙarfe duka biyun wucewa suke yi. Amma akwai wasu haɗe-haɗe da in an narka abubuwa uku an gauraya, masu juyin dama su wuce kamar a ƙarfe, masu juyin hagu kuwa a tare su kamar sun ci karo da roba. Shi ya sa ake kiran irin wannan haɗi rabin-ƙarfe. Yana da maganaɗisu, kuma masu ƙera ma'ajiyar ordinata suna nemansa ido rufe. Matsalar ita ce ba a amfani da shi a dunƙule. Shimfiɗa shi ake yi siriri a kan wani abu, kuma da yake ƙwayoyinsa a jere suke layi-layi kamar na gishiri, in layukan na ƙasa ba su yi daidai da nasa ba sai ya matse ta gefe ya miƙe ta sama. Tambayata ke nan: in an matsa shi haka, zai tsaya a siffarsa ya riƙe halinsa, ko zai karkace ya zama ƙarfe kamar kowane ƙarfe? Ban taɓa riƙe ko ƙwaya ɗaya ta abin nan a hannuna ba. Duk lissafi ne, ordinata ke yi, ni ina jira.

Jiran ne ya kai ni ga kuskure. Rabi za ta tuna ɗan ɗakin nan na kusa da rijiya, da tsohuwar ordinatar da ke huci kamar injin niƙa. Lissafi ɗaya yakan ci yini da rabi, wutar Konni kuwa ba ta san da wannan ba. Sai aiki ya kusa ƙarewa a ɗauke ta da tsakar rana, komai ya goge, in koma farko. Na yi wata uku a haka ban tara abin kirki ba. Sai na rage yawan wuraren da ordinata ke dubawa a cikin kowane lissafi, don ta gama kafin wuta ta tafi. Na gwada a kan haɗi ɗaya na ga bambancin bai taka kara ya karya ba, na ɗauka sauran ma haka suke. Na ce a raina in na sami hali zan sake duba su da kyau. Ban sake ba, don abin da ya fito ya yi mini daɗi. Ɗaya daga cikin haɗe-haɗen ya nuna duk yadda aka matsa shi yana nan daram, lambar maganaɗisunsa tana fitowa cif babu ɓurɓushi, wadda ita ce shaidar rabin-ƙarfe na gaske. Farfesa ya kira ni a waya yana ta murna. Muka rubuta takarda da sunana a gaba nasa a baya, wata mujallar masana a waje ta karɓa ta buga. Bayan ƴan watanni wani ɗakin bincike a Turai ya rubuto yana gayyatata shekara biyu, za su ƙera abin da gaske su gwada, ni in riƙa yi musu lissafi. Sun ce in taho da iyalina, kuma asibiti a wuyansu.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce komai. Innarku, Hajara, tun bayan haihuwar Nana numfashi ya fara yi mata wuya. Da farko in ta ja guga sau biyu sai ta zauna. Daga baya ƙafafunta suka riƙa kumbura, ta daina zuwa kasuwa da ƙafa sai a kabu-kabu. Likitan zuciya a Yamai ya ce wata ƙofa ce a cikin zuciyarta ta tsuke, magani zai lallaɓa ta na ɗan lokaci, amma abin da take buƙata aiki ne, kuma a lokacin ba a yin irinsa a nan. Mun sa sunanta cikin masu jiran a fitar da su waje, layin kuwa dogo ne. Ranar da na karanta mata takardar gayyata ba ta yi guɗa ba. Ta ce in sake karanta wurin asibitin. Na sake. Ta rufe fuskarta da gyale ta daɗe a haka. Washegari ta aiki Rabi wajen masu gwanjo ta sayo muku rigunan sanyi, ta wanke su ta shanya a igiya, maƙwabta suna leƙowa suna dariya, rigunan ulu a tsakiyar bazarar Konni.

Mutanen Turai suka ba ni izinin amfani da babbar na'urarsu ta intanet, don in saba da ita kafin in zo. Wata safiya da ba ni da aji na zauna a ɗakin ordinata na lise, na ce bari in fara da abin da na sani. Na tura lissafina na da, amma da cikakken adadin da ya kamata tun farko. Abin da yake cin yini da rabi a gida ya dawo kafin a buga ƙararrawar shan iska. Na duba na ga ba abin da na sani ba ne. Haɗin nan nawa ba ya son siffar da na ce yana so. Da an ɗan matsa shi sai ya zame ya koma wata siffa doguwa, inda ya fi samun sauƙin zama, kuma a can shingen da ke tare masu juyin hagu ya rushe. Lambar nan mai fitowa cif ta fito da ɓurɓushi a bayanta. Na ce kuskure na yi wajen turawa. Na sake. Kwana uku ina sakewa ta kowace hanya da na sani, amsa ɗaya take dawowa. A rana ta ukun na fito harabar lise na tsaya a ƙarƙashin bishiyar bedi, ɗalibai suna wucewa suna gaishe ni, ina amsawa ban san me nake cewa ba. Saura wata biyu mu tashi.

Bayan la'asar na sami Innarku a tsakar gida a kan tabarma tana tsince wake, ku kuna makarantar allo. Na zauna na gaya mata komai, da sauƙin da zan iya. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ture faifan gefe.

"Wa ya sani bayan kai?"

"Babu kowa."

"To mi kake son yi?"

"Rubuta musu zan yi. Don wanga abu suka kira ni, kuma abin ba haka yake ba."

Ta ce, "Malam, in ka yi shiru, wani zai mutu?"

Na ce, "A'a. Lokacinsu da wahalarsu za su tafi a banza, shi ke nan."

"To in ka yi magana ni zan mutu."

Ba ta ɗaga murya ba. Yadda take cewa gero ya ƙare haka ta faɗe shi. Na fara kawo mata maganar amana, da cewa ba zan iya cin abincin mutane a kan ƙarya ba. Ta ɗaga hannu.

"Ban ce ka yi ƙarya har abada ba. Wata shida nake roƙo. Mu isa, a yi mini aikin, sannan ka gano kuskurenka a can. Ai can ma gano shi za ka yi. Nana shekararta huɗu, Malam. Ko tuna fuskata ba za ta yi ba."

Na tashi na yi alwala tun magariba da saura.

Ita ta aika wa baffanku Illiyasu, yayana, a Dogarawa. Ranar Laraba ya shigo taksin kasuwa ya zo, ko ruwa bai sha ba ya ja ni zaure. Shi manomi ne, bai taɓa shiga lakwal ya yi boko ba, amma ya saurare ni har ƙarshe, ya kuma gane abin fiye da yadda na zata.

Ya ce, "Ashe gini ka yi, ka ce musu shina da ƙarfi, yanzu ka ga tsaga."

Na ce, "Haka ne, Yaya."

"Sun shiga ginin?"

"Ba su shiga ba tukuna."

"To ka tafi ka nuna musu tsagar da hannunka, kana tsaye gabansu. Wa ya hana? Mutum in yana gabanka da matarsa marar lafiya ba ka kora tai. Takarda kuwa ba ta da fuska. Kai dai ka ji tsoron Allah a kan yarinyar mutane."

Na ce ai tsoron Allah ne ya sa nake son in faɗi gaskiya. Ya girgiza kai ya ce, "Ka bincika dai da kyau, ko tsoron Allah ne ko tsoron kunya."

Na yi fushi da shi a ranar. Yau da nake da shekarun da suka wuce nasa na lokacin, na san ya taɓa wurin. Lissafin nan a kan na'urarsu na yi shi, kuma na'ura tana ajiye sawun duk wanda ya bi ta. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne wata rana wani yaro Bature ya buɗe ya ga na san gaskiya tun ina Konni na yi shiru, a ce ga malamin ƙauye da ya zo da ƙarya don ya sami biza. Ina son gaskiya, ban ƙaryata kaina a kan wannan ba. Amma ina son sunana ma, kuma a makon nan ban iya raba su biyun ba, ban kuma yi ƙoƙarin rabawa ba.

Ranar Litinin na kira Farfesa na gaya masa. Ga abin da ya ce, ku riƙe shi, don shi ne mutumin da kuke cewa ya zalunce ni:

"Isuhu, kuskure ne, ba sata ba. Kowa yana yi. Dole a gyara, wannan babu tantama. Amma ka ba ni sati biyu. Na san shugabansu, zan kira shi da kaina, in nuna masa abin da ka gano ma abin bincike ne, mu nemi a juya aikin a kansa. Kada ka rubuta wa kowa sai ka ji daga gare ni. Yaya jikin maiɗakinka?"

Na ce to. Kwana huɗu na iya. Ranar Juma'a da safe, kafin in shiga aji, na zauna na rubuta wa mujallar ina janye takardar, na rubuta wa mutanen Turai na haɗa musu da sabon lissafin. Ban nuna wa Farfesa ba, ban gaya wa Innarku ba. Da na danna aikawa na ji wani sauƙi ya sauko mini tun daga wuya har ƙafa, na shiga aji na yi darasi mai kyau. Wannan sauƙin shi ne abin da na fi jin kunyarsa a rayuwata.

Amsarsu ta zo cikin ladabi. Sun gode, sun yaba da gaskiyata, sun ce da yake aikin gaba ɗaya a kan haɗin nan aka gina shi, sun dakatar da shi, kuma babu wani gurbi a yanzu. Farfesa daga bakinsu ya ji, shi da sunansa ke kan takardar. Ya kira ni, bai yi faɗa ba. Ya ce, "Sati biyu na roƙe ka." Sannan ya ce in zo Yamai mu sake tsara doktorar a kan sabon sakamakon, don sanin cewa abu yana karkacewa shi ma sani ne. Sau uku yana aiko mini. Ni ne ban je ba. Ba na iya haɗa ido da shi. Ko zai yi nasara da na ba shi sati biyun nan, ban sani ba. Abin da na sani ban bar shi ya gwada ba.

Da na gaya wa Innarku tana tsaye a bakin madafa. Ta dafa bango. Ta ce, "Yaushe ka aika?" Na ce Juma'a. Ta ce, "Ranar da na yi maka dambu." Ta kwashe rigunan sanyin nan ta ninke ta sa a ƙasan akwati. Da yamma Sani ya dawo yana tambaya yaushe za a hau jirgi, ni ina ɗaki ina ji. Ta ce masa an fasa. Ya ce don me. Ta ce manyan Yamai ne ba su sa hannu ba. Daga nan labarinku ya samo asali. Ba ta so ku dubi ubanku da abin da ita take dubansa da shi. Ni kuwa na ji, na bar shi a haka, shekara da shekaru.

Gidanmu bai zama gidan faɗa ba, kun sani. Tana dafa mini abinci, tana wanke mini kaya ranar da jikinta ya bari, in na yi baƙi ta fito ta gaishe su da fara'a. Abin da ya tafi shi ne hirar da muke yi in na dawo daga lise, tana tambayata wane ɗalibi ya yi wauta yau. Na rufe ɗakin ordinatar nan na kusa da rijiya, daga baya na ba wani maƙwabci ya sa buhunan albasa. Na koma bin takardun fitar da Innarku waje, ina zuwa Yamai duk hutu, ana ce mini a ƙara haƙuri. Damina biyu ta wuce. Ta kai ba ta iya kwanciya sai a jingine da matasai uku. Da lokacin kaka ya shigo ta ce a kai ta Badagishiri wajen mahaifiyarta, ta ce iskar fadama ta fi yi mata daɗi. Kowa ya san ba iska take nema ba.

Duk Asabar nakan shiga mota in je. Gidan kakarku yana kallon lambuna, lokacin an dasa albasa, fadamar ta yi kore shar, masu ban ruwa suna ta kai da kawowa. Nakan same ta a ƙarƙashin rumfa, ta rame, sai idanu. Wata Asabar kakarku ta fita kai wa masu aiki fura, muka rage mu biyu. Na ce, "Hajara, ki yafe mini."

Ta ce, "Gyara mini matashin nan."

Na gyara. Ta huta, don magana ma sai ta tara numfashi.

"Abin naka da ka ce ya karkace. Da gaske ya karkace?"

"Da gaske."

"To ba ƙarya ka yi musu ba ke nan." Ta sake hutawa. "Na san kai ba mugu ba ne, Malam. Da mugu ne kai da abin ya zo mini da sauƙi. Ka zaɓa ne, kuma ba ni ka zaɓa ba. Kullum in na yi salla ina roƙon Allah ya cire mini shi daga rai, don ba na son in tafi da shi. Wata rana in ji ya fita. Sai in ga Nana tana wasa, ya dawo."

Hawaye suna zubo mini, ita nata idanun a bushe.

Ta ce, "Ban yafe ba tukuna. Ba zan yi maka ƙarya ba, kai da ba ka son ƙarya. Amma ina ƙoƙari. Ka dawo Asabar mai zuwa ka sake tambayata. Yanzu zauna nan kusa, ka ba ni labarin ɗalibanka."

Na matso na zauna a gefen tabarmar. Na ba ta labarin wani yaro da ya haɗa waya a baibai ya ƙona fitilar aji, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Na kwana, Lahadi da hantsi na kama motar Konni.

Ranar Talata ina tsakiyar darasi, na juya ina rubutu a allo, mai gadin lise ya leƙo ya ce ana nemana a waya daga Badagishiri. Na ajiye allin a kan tebur. Rasuwarta aka kira a gaya mini. Ban sani ba ko ta gama ƙoƙarin.